Jiƙaƙƙen Buhun Baba

Mahaifina ba ya yarda da inji sai ya ɗora masa tafin hannu. Tun ina ƙarami nake ganinsa yana haka a bakin kanal. Za a tayar da injin ban-ruwa, ya bar shi ya ɗan yi gudu, sai ya durƙusa ya dafa shi kamar mai duba goshin yaro. Daga nan zai ce wannan lafiyarsa ƙalau, ko kuwa wannan iska yake zuƙa, a duba tiyo. Gonakinmu biyu suna can ƙarshen layi, tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwa ba ya isowa sai na gaba sun ƙoshi, don haka mu ba mu da noman rani sai da inji. Yana da guda biyu, tsoho da sabo, kowace gona da nata. In bazara ta tsananta inji ya ɗau zafi, yakan kashe shi, ya tsoma buhun ashasha a ruwa, ya matse, ya lulluɓa masa har ya huce. Haka yake yi wa jarkar ruwan shansa, haka yake yi wa kwandon tumatir kafin mota ta zo ɗauka.

Shekarar da na samu gurbin karatun safiyo, wato awon ƙasa, a wata kwaleji a birni, takardar da aka ba mu ta ce kowane ɗalibi ya zo da laftof saboda zanen taswira. Iyakar abin da ta ce ke nan, sauran ni na ƙara. A lokacin na riga na lalace a wani shagon gem da ke kusa da tasha, inda muke buga ƙwallo da harbe-harbe a allon talabijin har sai mai shagon ya kore mu sallah. Na kuma ga wata irin laftof a wayar abokina, baƙa, mai kauri, madannanta suna jan haske kamar garwashi, an ƙera ta musamman don gem. Tun ranar ban sake samun sukuni ba. Da na zauna fassara wa Baba takardar, sai na karanta masa abin da ke ciki da abin da babu. Na ce zanenmu yana da nauyi, ƙaramar kwamfuta ba za ta ɗauka ba, sai mai fanka biyu.

Ya jinjina kai ya ce, "Kaya mai nauyi ai sai babban inji. Wannan gaskiya ne."

Mako bai zagayo ba ya sayar da sabon injinsa. Da hannuna na taya mai sayen ɗaure shi a bayan babur, kuma wallahi ko a jikina. Hankalina yana kan jan hasken nan.

Baba ya ce ƙafata ƙafarsa, ba zai bari a sayi inji bai taɓa shi ba. Muka shiga mota zuwa birni, muka kutsa kasuwar 'yan waya da kwamfuta, shi da babbar rigarsa ta Juma'a, ni ina gaba ina jin kunyar yadda yake yi wa kowane shago sallama. Mai shagon da muka tsaya wurinsa ya tambaye ni karatun da zan yi, na faɗa masa. Sai ya sauko da wata siririya, launin toka, ba ado ba komai.

Ya ce da Baba, "Alhaji, wannan irin ta ma'aikata ce. Za ta yi masa zanensa har ya gama, ba ta zafi, ba ta cin batir."

Ko kallon kirki ban yi mata ba. Na nuna baƙar da ke can sama. Ya sauko da ita, tokumbo ce, an taɓa amfani da ita, amma tana sheƙi, ya kunna, madannan suka kama da ja. Bakina har kunne. Baba ya bari ta ɗan yi gudu, sannan ya kai tafinsa gefen da iska ke fita. Ya daɗe bai ɗauke ba.

"Wannan zazzaɓi take yi tun ba a ɗora mata kaya ba," in ji shi.

Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Alhaji ka san inji. Ƙarfi kam tana da shi, amma masu irinta a ɗaki mai sanyi suke ajiye ta. Zafin garin nan da ƙura ba ta so. Kuma yawanci yara don..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na juya harshe zuwa Turanci, na jero masa tambayoyin da na haddace a waya, ina ɗaga murya don Baba ya ji ɗansa ya san abin da yake yi. Mutumin ya dube ni, ya dubi Baba, ya gane. Ya ɗage kafaɗa, shi ciniki ya fito.

Baba ya tambaye ni, "Injiniya, ita ce malaman suka ce?" Tun ranar da takardar ta zo yake kirana haka.

Na ce, "Ita ce, Baba."

A cinyarsa ya rungumo ta har gida, bai yarda an saka ta a but ɗin mota ba.

Gaskiyar mai shagon ba ta jima ba ta bayyana. Zanen da ake ba mu a zangon farko, ko wayar hannu ta kusa yin sa. Gem ne yake gasa ta. Da na shiga wasa, fankokin nan biyu za su tashi da ihu har ɗalibin ɗakin kusa ya leƙo ya ce wa ke niƙa a nan. Kan katifa nake ɗora ta, ramukan shan iskarta duk a toshe. Wani ɗan ajinmu da ya fi ni hankali ya ce in riƙa ɗaga ta a kan murafen kwalba, in kai a share mata fanka, in kuma rage wasa da rana. Na yi na murafen kwana biyu, sauran na yi kunnen uwar shegu da su. Ta fara ɗaukewa da kanta ana tsakiyar wasa. Daga baya wasu korayen layuka suka riƙa gilmawa a fuskarta. Nakan hura mata iska da baki, in jira ta huce, in koma inda na tsaya.

Hutu ya kama a tsakiyar bazara, na dawo gida da ita. Ɗakina na soro ne, rufin kwano, kuma bayan katangarmu akwai injin gyaran shinkafa da ke aman ɓuntu tun safe. Ko ƙoƙon ruwa ka ajiye, kafin ka waiwayo ya yi fari a sama. A nan nake rufe ƙofa, in jona ta da wutar solar maƙwabcinmu, in toshe kunne, in yi ta harbin mutanen da babu su. Inna, da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, takan hana a daka komai a tsakar gida ta ce, "A yi a hankali, yaron nan yana karatu." Har kunun tsamiya take aiko mini da shi don kada karatun ya cinye ni.

Shi kuwa Baba, tunda inji ya zama ɗaya, sai ya zama kullum yana hanya. Ya shayar da albasa da sassafe, ya kwance tsohon injin, ya ɗaure a babur, ya kai gonar tumatir, ya sake haɗawa, rana tana dukansa. Da can kafin azahar yake dawowa, yanzu sai la'asar ta gota. Bai taɓa cewa in zo in kama masa ba. Wata rana ya tsaya a ƙofar ɗakina, ƙafafunsa duk taɓo, ya saurara.

"Injiniya, wane irin kaya kake ɗora mata haka? Kukan nan ba na lafiya ba ne."

Na riga na sauya fuskar zuwa wani tsohon zane da nake ajiyewa don irin wannan. Na ce, "Taswira ce babba, Baba."

Ya ce, "To ka riƙa ba ta hutu. Ko inji yana son a tausaya masa."

Ranar da abin ya faru Laraba ce, bayan azahar, zafin da ko kaji sun buɗe baki. Ina tsakiyar wasa, fankokin suna ihun da ban taɓa ji ba, sai na ji ƙauri kamar an jefa roba a wuta. Fuskar ta yi kore, ta yi baƙi. Jan hasken ya mutu. Na danna, shiru. Na cire caja na mayar, na hura, na jira, na sake dannawa, ko gezau. Na yi haka ya fi a ƙirga. Na san wannan ba irin ɗaukewar da ta saba ba ce. Na rufe ta, na bar ta kan tabarma da zafinta, na fice. Na je bakin kanal na zauna ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro ina saƙa ƙaryar da zan yi. Duk wadda na saƙa sai in ga ba za ta wuce kunnen Baba ba.

Ashe ina fita Baba ya shigo, mai ya ƙare masa ya dawo ɗaukar galan. Da na koma gida ban ga laftof a ɗaki ba. Na fito tsakar gida a rikice, sai na hango ta a gindin randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidanmu, an naɗe ta tsaf cikin jiƙaƙƙen buhun ashasha. Baba yana zaune kan turmi kusa da ita yana gadi, fuskarsa cike da jin daɗin wanda ya yi abin kirki.

Ya ce, "Na leƙa ban gan ka ba, na taɓa ta na ji kamar dutsen guga. Na matse buhun sosai. Duba ka gani, ta huce."

Ba zan ce shaiɗan ne ba, don na gaji da ɗora masa abin da ni na yi. A tsaye a wurin na ga ƙofar kuɓuta ta buɗe mini, na kuwa shige da gudu. Na fizge buhun na yi jifa da shi. Na buɗe ta a gabansa, na danna maɓallin da na san ba zai amsa ba, na sake dannawa, na ɗago na dube shi.

"Ruwa, Baba? Ruwa a kwamfuta? Injin ban-ruwa aka ce maka?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu tana salati. Na ɗauka zai tsawata mini, ko ya kai mini mari, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Bai yi ba. Ya miƙe daga kan turmin a hankali, ya dubi tafin hannayensa biyu, ya goge su a jikin rigarsa.

"Da tana yi?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Lafiyarta ƙalau na bar ta."

Ya sunkuya ya ɗauki buhun, ya shanya a igiya, ya fita ko galan ɗin bai ɗauka ba.

Washegari na kai ta wurin wani mai gyara a birni. Ya kwance bayanta, ya juyo mini da ita don in gani da idona. Fankokin nan biyu sun cushe da ɓuntun shinkafa, ya dunƙule kamar auduga. Ya nuna mini wani wuri da ya yi baƙi a fanel, allon da ke riƙe da kayan cikinta. Na ce masa ruwa ne ya taɓa ta. Ya haska fitila, ya duba lungu-lungu, ya shinshina.

Ya ce, "Abokina, ko ɗigo bai shiga nan ba. A bushe take ƙayau. Wannan zafi ne ya dafa ta, kuma ba jiya ta fara ba. Gem kake yi ko?"

Na kau da kai. Ya ce fanel ɗin ya tafi, gyaransa da sayen wata duk ɗaya.

A mota ina dawowa na yi niyya. Na rantse na yi. Tun daga fitowa birni har muka fara ganin fangalan shinkafa ina shirya yadda zan durƙusa in faɗa masa komai, har da takardar da na yi wa ƙari. Na sauka, na tarar da shi a dakalin ƙofar gida. Ranar bai je gona ba, albasa da tumatir duk sun kwana da ƙishi. Yana ganina ya miƙe, bai ko jira na gaishe shi ba.

"Ruwan ne ko?"

Idanunsa sun faɗa. Na tuna injin da na taya ɗaurewa a babur, na tuna kunun tsamiyar Inna, na ga in na buɗe baki duk sai sun fito. Na sunkuyar da kai.

Na ce, "Ruwan ne."

Ya ce, "Innalillahi. Ka yafe mini, ɗan nan. Jahilci ne."

Mahaifina ne ya nemi gafarata, ni kuma na ce masa babu komai. Har da ɗan sassauta murya, irin na mai haƙuri.

Kafin hutu ya ƙare ya ba da gonar tumatir haya na shekara, gonar da ya gada, wadda bai taɓa barin wani ya saka mata fartanya ba. Ya ce in je in sayo wata, shi ba zai bi ni ba, bai san kan abin ba. Na koma shagon nan. Siririyar mai launin toka tana nan inda muka bar ta, ko wata irinta. Mai shagon ya gane ni, ya tambayi lafiyar Alhaji, bai tambayi baƙar ba. Siririyar na saya. Da ita na gama kwaleji, da ita na fara aiki, ba ta taɓa ɗaukewa ba ko sau ɗaya. Gefenta ya tsage, wasu haruffan sun goge, amma da ita nake wannan rubutun. Ban sake buga gem ba, kuma kada a ɗauka tuba ne. Ko ƙarar fanka na ji a shagon wani sai gabana ya faɗi.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda zancen zai zauna a jikin Baba. Na ɗauka wata biyu zai manta. Ina! Mutumin da ake kira daga gonaki uku ya zo ya saurari inji, sai ya zama in na miƙa masa waya ya gaisa da wani, ba ya karɓa, sai dai in kara masa a kunne. In ya shigo ɗaki ya ga kwamfuta a buɗe, zai goge hannu a riga ya mayar da su baya, ya zagaye ta daga nesa. Ya mai da abin labarin ba'a a majalisa, yana yi wa kansa dariya: shi ne baƙauyen da ya yi wa karatun ɗansa ban-ruwa. Mutane su yi ta ƙyaƙyatawa, wani lokacin ina zaune a wurin. Inna ta taɓa gaya mini cewa da ya je ɗaukar buhun nan daga igiya, murhu ya jefa shi. Kowace shekara nakan ce bana zan faɗa, in an girbe shinkafa, in an yi sallah, in na samu aiki. Na saya masa sabon inji da albashina, ina jin kamar hakan zai rage wani abu. Ya yi murna, ya dafa shi, ya sa mini albarka, ni kuma na koma da kayana yadda na zo da su.

Bara da rani na kai iyalina gida. Ina zaune a tsakar gida da rana ina ƙarasa wani aiki a kan tabarma, 'yata mai shekara uku tana wasa da ruwa a gindin randar nan. Ta taso da gudu za ta dafa madannai. Baba, da yanzu gwiwa ta hana shi sauri, ya yi wuf ya cafke hannunta.

Ya ce, "A'a, amarya, kar ki taɓa. Ni da ke hannunmu na ruwa ne. Ni nan da kike gani na taɓa kashe wa babanki guda, saura kaɗan in kashe masa karatu."

Yarinyar ta dube shi, ta mayar da hannayenta baya kamar yadda ta ga yana yi. Wannan ne ya karya ni. Na rufe kwamfutar, na matsa gabansa na durƙusa, na faɗa masa. Ban rage komai ba: takardar, shagon gem, abin da mai shagon ya so faɗa na katse shi, ƙaurin da na ji, zamana a gindin mangwaro, maganar mai gyara. Na ce ta mutu tun kafin ya taɓa ta, buhunsa bai yi mata komai ba. Ina magana, Inna tana tsaye a ƙofar madafa.

Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Sai ya yi murmushi, ya girgiza kai, ya juya wurin Inna.

"Kin ji shi ko? Ya ga na tsufa, yana so ya wanke ni kafin in tafi. Har da ƙirƙiro wa kansa laifi."

Na ce, "Wallahi Baba gaskiya nake faɗa."

Ya ce, "Kar ka yi rantsuwa saboda ni, Injiniya. Ni na jiƙa buhun, ni na naɗe ta, da idona na ga ka danna ta ƙi tashi. Shekara nawa ba ka taɓa goranta mini ba, ko sau ɗaya. Wannan ma ya ishe ni."

Ya miƙo hannu, ya goge shi a riga tukuna, sannan ya ɗora mini tafinsa a ka, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Allah ya yi maka albarka," in ji shi. "Allah ya ba ka masu rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini."

Inna ta ce amin. Ni na kasa.